Ko ciwon sukarina ne ya hana mu haihuwa?

Assalamu alaikum Anti,

Shekarata 39, kuma shekara shida ke nan da likita ya ce ina da ciwon sukari. Shekararmu huɗu da aure, matata ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An yi mata gwaje-gwaje har da hoton mahaifa, aka ce lafiyarta ƙalau. Duk da haka ita 'yan'uwana suke ɗora wa laifi, ni kuma na yi gum.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun bara sha'awata ta ragu, gabana ba ya ƙarfi kamar da, kuma in na kawo maniyyin ɗan kaɗan ne, wani lokacin ma babu. In na yi fitsari bayan nan sai in gan shi fari-fari. Maganin sukarin kuwa sai na ji jiki nake sha. Wani abokina ya ce in yi allurar testosteron, wato sinadarin maza. Kwanan baya na tarar da matata tana kuka saboda maganar da yayata ta yaɓa mata, na kasa haɗa ido da ita. Anti, ni ne matsalar?

Wani bawan Allah

Wa'alaikumus salam ƙanena,

Da farko dai, kada ka yi allurar nan. Na san abokinka alheri yake nufi, amma ga mai neman haihuwa ɓarna take yi. Akwai wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke aika sinadarai biyu, LH da FSH, su umarci 'ya'yan maraina su samar da testosteron da ƙwayoyin haihuwa. Da zarar jiki ya ji testosteron ya shigo daga waje, sai ta daina aika su, ƙwayoyin su yi ta raguwa, wani har su ƙare. Sha'awa ta dawo, haihuwa ta ƙara nisa.

Fitsarin nan fari shi ya fi ɗaukar hankalina. Sukari in ya daɗe yana sama, yana cin jijiyoyin da ke isar da saƙo a jiki, har da waɗanda ke rufe bakin mafitsara lokacin kawowa. In bai rufu ba, maniyyi sai ya koma ciki maimakon ya fito, ya biyo fitsari daga baya. Wannan ba ya nufin ba ka da ƙwayoyin haihuwa, hanya suka ɓata. Akwai magungunan da ke taimaka wa wasu bakin ya rufu, kuma likitoci na iya tace ƙwayoyin daga fitsari su sa a mahaifa. Raunin gaban ma daga nan yake, jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini ne suka taɓu. Ƙarancin testosteron kuma ya yawaita ga masu sukari nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya, musamman mai teɓa, domin kitse yana juya shi zuwa sinadarin mata.

Ka je wurin likitan mafitsara ka faɗa masa komai yadda ka faɗa mini. Za a gwada maniyyinka bayan ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a duba fitsarin da ka yi bayan kawowa, a auna testosteron da sassafe tare da LH da FSH. Ka nemi gwajin HbA1c, mai nuna yadda sukarinka ya kasance cikin wata biyu zuwa uku. Ga yawancin manya ƙasa da kashi 7 ake so. Shan magani sai an ji jiki ya ƙare daga yau. Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta ƙosa, saboda haka ka ba gyaran wata uku kafin a sake gwaji. Maganin ƙarin ƙarfi kuma kada ka saya da kanka, wasunsu suna da haɗari ga mai shan maganin zuciya.

Sai maganar matarka, wadda ta fi yi mini ciwo. Shekara huɗu tana ɗauke da laifin da ba nata ba, kana gani. Lalura ce ta same ka, babu abin kunya a ciki, amma shirun nan naka ne. Ka zaunar da ita yau ka gaya mata, ka ba ta haƙuri. Yayarka ba sai ta ji sirrin ɗakinku ba, ya isa ka ce mata likita ya wanke matarka, kuma ba ka yarda a sake taɓa ta da wannan magana ba. Ranar ganin likita ku tafi tare. Allah Ya ba ka lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka.

Anti