Fulogi ya shiga ba shi ne wuta ta dace ba

Tambaya biyu ka yi mini jiya ina shirin tashi, na ce ka bari sai na huce, don ta biyun ta fama mini tsohon miki. Ka ce ka gama haɗa akwatin wutar makirufonka mai bawul, wato kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sigina, zane ya ce bolt 120, mitarka ta nuna 160, ko wani abu ka ɓata? Sannan ka ce kafin ka gano matsalar, ko za ka ɗauki wancan akwatin da ke ƙarƙashin tebur ka gwada da shi, tunda shi ma fuloginsa mai haƙori bakwai ne, kuma ka gwada ya shiga daram.

Ta biyun zan fara amsawa. A'a. In na ga hannunka a kan akwatin nan, ranar ka gama koyon aiki a wurina.

Kama da wane ba ta wane. Babu wata doka da ta ce haƙori na kaza shi ne na hita, wato zaren da ke ɗumama bawul, na kaza shi ne na babbar wuta. Kowane maƙeri yadda ya ga dama yake jerawa, kuma ko jerin ya zo ɗaya, yawan wutar ba ɗaya ba ne. Dubi manyan da kowa ke kwaikwayo. U47 ta Neumann wuta guda ce ke zuwa mata, bolt 105, daga ita ake rage wa hitar bawul ɗinta VF14 zuwa wajen bolt 36. C12 ta AKG, wadda ta fito a 1953 da bawul 6072, bolt 120 take ci. U67 ta Neumann ta 1960 mai bawul EF86 kuwa 210 take so. Biyu daga cikin ukun nan gida ɗaya suka fito, amma ba mai hankalin da zai ba wa ɗaya akwatin ɗayar. To balle namu na haɗin hannu.

Ni ban koyi wannan a littafi ba, wani mai situdiyo ne ya koya mini, kuma har gobe ban yafe ba.

Ya zo ya ce yana son makirufo mai bawul na ɗaukar murya, ya ba ni rabin kuɗi, sauran sai ya ji da kunnensa. Na zuba masa duk abin da nake ji da shi. EF86 goma sha ɗaya na tara, kowanne na bar shi a kunne kwana biyu sannan na sa abin ji a kunne cikin dare, lokacin da gari ya yi tsit. Tara suna huci kamar ana soya abu a nesa, ɗaya kuma in ka ƙwanƙwasa jikinsa da farce sai ya yi ta amo kamar ƙararrawa. Guda ɗaya tal ya yi shiru, irin shirun da sai ka duba ko a kunne yake. Shi na sa masa. Kafsul ɗin kuma, wato ɓangaren da ke jin sauti, wanda na daɗe ina ɓoyo ne don nawa na kaina, mai tantani biyu, zinarensa ko tabo babu. Na haɗa bawul ɗin a matsayin tirayod, bolt 120 a sama, rasista biyu masu girma ɗaya suna raba ta gida biyu, 60 ta tafi kafsul. Hita 6.3. Na yi masa akwatinsa da wayarsa, na kai masa da kaina. Ya yi magana a ciki, ya saurara, ya ce bai taɓa jin muryarsa haka ba. Ragowar kuɗi kuma sai ƙarshen wata.

Kwana tara sai ga shi da makirufon a leda, fuska a murtuke, wai abin ya mutu ana tsakiyar aiki, ya ji kunya gaban mutane. Na buɗe. Hitar bawul ta katse. Tantanin gaba ya manne da farantin baya, da na ɗaga shi a haske sai ga ƙananan huji inda tartsatsi ya cinye zinaren. Na ce masa, Alhaji, da wane akwati aka kunna shi? Ya rantse da nawa. Na auna nawa a gabansa, 120 da 6.3, ko motsi babu. Ya ce ai wuta takan yi tsalle. Ni kuma lokacin ina da kunya, ga shi ya girme ni, ga sunana da nake tattali. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ina zargin kaina, ina bin zane layi layi ina neman inda na yi kure. A ƙarshe na sayi wani kafsul da kuɗina, na sa wani bawul da bai kai na farko ba, na mayar masa.

Sai bayan wata biyu yaronsa ya zo karɓar wata waya, muna hira bakinsa ya suɓuce. Ashe ranar sun tafi ɗaukar aiki a waje ne suka manta akwatina, sai suka ari na wani makirufo da suka tarar a can, fulogi iri ɗaya. Ya ce da aka kunna, ciki ya yi haske fat kamar ƙwan fitila, suka ɗauka haka yake yi, suka ci gaba. Na bi sawu har na samu akwatin na auna. Hita bolt 12, babbar wuta ta kusa 200. Yi lissafin da kanka: zaren da aka yi don 6.3 ya sha ninki biyu, rasistocina kuma ba ruwansu, rabi suke bayarwa, kafsul ya sha kusan 100. Tantanin da kaurinsa maikuron 6 ne, tsakaninsa da faranti bai kai kaurin gashin kanka ba. Me kake so ya yi?

Na same shi da maganar. Ko a jikinsa. Wai ai ban rubuta a jiki cewa kada a sa wani akwati ba. Ragowar kuɗin har yau, kuma na ji yana gaya wa mutane aikina ba ya ƙarko. Kuɗin ma da sauƙi. Bawul ɗin nan ne, ban sake samun mai shirunsa ba. Allah ya isa.

Shi ya sa ka ga duk abin da ya fita daga hannuna akwai lamba ɗaya a jikin makirufo, da akwati, da waya, kuma jerin haƙoran yana rubuce a cikin murfi. Kai ma haka za ka yi.

Yanzu ga 160 ɗinka. Ba abin da ka ɓata, tunani ne ba ka yi ba. Rasista huɗu ka jera a matatar wuta, kowacce om dubu 10, da kwandensa bayan kowacce. Rasista ba ta rage wuta sai akwai mai ja. Bawul ɗinka zai ja wajen miliamf 1, kowace rasista ta ci bolt 10, huɗu 40, ka cire daga 160, nawa ya rage? Ka auna akwati babu kaya a kansa, kana mamakin bai sunkuya ba. Irin wannan da a zamaninmu ka tambaya, rankwashi za ka sha kafin amsa. Ku yanzu kun saba a nuna muku a bidiyo, ja nan, baƙi can, ba wanda ke son ya riƙe biro ya ninka lamba biyu.

Kada ka gwada da makirufon. Ɗauki rasista ta om dubu 120 ka sa tsakanin babbar wuta da at, wato wayar ƙasa, ta tsaya a madadin bawul. Hita kuma, tunda bawul 12AY7 ka zaɓa kuma ka haɗa ɓangarorin hitar biyu a kan 6.3, miliamf 300 za ta ja, sai ka sa mata om 22 mai wat 5, don za ta yi zafi. Da waɗannan a jiki za ka saita komai. In lambobin sun zauna awa guda ba su gusa ba, sannan ka sa makirufo, shi ma ba tare da kafsul ba, ka sa ƙaramar kwandensa ta fikofarad 68 a gurbinsa.

Amma 160 ɗin nan ka riƙe ta a rai, don za ta riƙa dawowa duk lokacin da ka kunna. Daƙiƙoƙin farko bawul yana sanyi, bai fara ja ba, wuta za ta haura, rabinta kuma 80 ne a kan kafsul. Wani zai jure, wani ba zai jure ba. Ni zina dayod nake jerawa su tare ta kada ta wuce inda nake so, in bi su da wata rasista da kwandensa don su ma suna da nasu hucin. Kwandensocin kuma ka duba abin da aka rubuta a jikinsu, na ga ka sa wata mai 160 cif. Cire ta. Daga 250 zuwa sama.

Kuma ina rasistar da za ta zubar da wuta in an kashe? Ban gan ta ba. Kwandensa tana riƙe wuta bayan ka zare fulogi daga bango, ka dawo bayan ka yi salla ta maka ka da ƙasa. Sa om dubu 330 a kan ta farko, ka jira minti uku, kuma duk da haka mita ce za ta fara taɓawa kafin yatsanka. Fis da wayar at a jikin ƙarfen akwati ba sai na faɗa ba, haɗa dayod huɗu ma ba zan ɓata bakina ba.

Hita ce wurin da yawancinku ke faɗuwa, don kun raina ta, wai ƙaramar wuta ce. A amfilifaya kana iya ba ta wutar taransifoma kai tsaye ka kwana lafiya. A makirufo ba haka ba ne. Siginar da kafsul ke bayarwa 'yan milibolt ce, ƙugi kaɗan a hita zai hau kanta. Dole ka miƙar da ita, ka tace, ka bi ta LM317 mai daidaita wuta. Ka ba shi aƙalla bolt 3 sama da abin da zai fitar, ka ɗaura masa ƙarfen shan zafi, don in ya rage bolt 5 a kan miliamf 300, wat ɗaya da rabi ke nan yana dafa shi. Aunawa kuma a ƙafar bawul ake yi da doguwar wayar a jone, ba a bakin akwati ba. Waya mai om 1 zuwa da dawowa ta cinye 0.3 ke nan. Ni a 6 nake barin tawa, bawul ya fi daɗewa.

In ka gama ka ji ƙugi, saurara kafin ka fara zare kaya. Mai kauri na ƙasa ƙasa, daidai bugun wutar gida, 50 ko 60, yawanci at ne ko taransifoma ta yi kusa da wayar sauti. Wanda ya ninka haka, 100 ko 120, matatarka ce ba ta isa ba.

Cikin makirufon kansa sai ka kawo mu duba tare, don na ga yadda kake dalma. Inda kafsul ya haɗu da girid, wato ƙafar bawul da sigina ke shiga, da rasistar nan ta gigaom 1, gumin yatsa da ragowar man dalma sun isa su zama hanyar wuta, sai ka ji ana ta ƙaf-ƙaf kamar ruwa a kwano. A iska ake haɗa wurin ko a kan ɗan turken Teflon, a wanke da sifirit, a bar shi ya bushe. Kafsul ɗin da na ba ka kuma yana cikin gwangwaninsa a aljihun teburina, na kulle. Kawo mini lambobinka huɗu a takarda, da kaya da babu kaya, na hita da na babbar wuta, sannan mu yi maganar makulli.