Amsa ga ɗan'uwan da ya sauka Manchester bai samu ɗaki ba

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da zuwa, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Tambayarka ta sosa min rai, domin da wuya ka samu wanda ya sauka garin nan da bizar karatu bai ɗanɗani irin wannan ba. Ka ce ka shigo cikin Satumbar nan don digiri na biyu, kana kwana a falon wani bawan Allah da ya fara nuna alamun gajiya, banki sun ce sai ka kawo adireshi, ga kuma wani ɗan ƙasarmu ya ce ka tura masa fam 900 ya riƙe maka ɗaki a Longsight kafin wani ya riga ka, makulli sai ƙarshen wata. Kana tambaya ka tura ko a'a, kuma da me za ka fara.

Kar ka tura. Ko fam ɗaya kar ya fita daga hannunka sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga wanda yake da ikon ba da shi haya, ka karanta takardar yarjejeniya da sunanka a jiki. A Ingila tun 2019 doka ta ƙayyade abin da za a karɓa a hannun ɗan haya. Kafin alƙalami na riƙe ɗaki ba ya wuce kuɗin hayar sati ɗaya, kuɗin ajiya kuma ba ya wuce na sati biyar. Ga yadda ake lissafin: in ɗakin fam 550 ne a wata, ka ninka sau 12 ka raba gida 52, sati ya kama kusan fam 127. To kafin alƙalami 127 ke nan, kuɗin ajiya kuma iyakarsa wajen 635. Ina 900 ta fito don riƙe ɗakin da ba ka gani ba? Sannan shi kuɗin ajiyar ba aljihun mai gida yake zama ba. Dole cikin kwana 30 ya saka shi a ɗaya daga hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, DPS ko MyDeposits ko TDS, ya ba ka shaida a rubuce. In bai saka ba kotu na iya sa shi ya biya ka har ninki uku. Kuɗin "zuwa duba ɗaki" ko "kuɗin fom" da wasu dillalai ke nema duk haramtattu ne a dokar.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yawanci namu ne ke yi wa namu. Baƙon ido ba ya samun lambarka tun kana Kano, na gida ne ke samu. Zai buɗe da sallama mai tsawo, ya tambayi mutanen gida, ya ce ai shi ma ɗan unguwar kaza ne, ya san wane ya san wane. Ya san kana cikin kunyar mai masaukinka, ya san kuɗin hannunka gona aka sayar ko dangi suka haɗa, ya san ba za ka iya buɗe baki ka nemi takarda a wurin wanda ya girme ka ba. Da ka ce takarda sai ka ji "haba Malam, tsakaninmu har sai an yi rubutu?" Wallahi sai an yi. Addininmu ma cewa ya yi a rubuta bashi. Masu wannan cutar iri biyu ne. Na farko ba shi da ɗakin kwata-kwata, hotuna ya kwaso a intanet, ya karɓi kuɗin mutum huɗu ko biyar a kan ɗaki ɗaya, ranar karɓar makulli wayarsa a kashe. Na biyu ya fi cutarwa domin yana da ɗakin. Shi ma haya ya kama, sai ya raba falo da katako ko labule ya zuba mutane ba da sanin mai gidan ba. Sunanka ba ya kan kowace takarda, zai hana ka karɓar wasiƙa a gidan don kar asirinsa ya tonu, ranar da mai gidan ya gano kuwa kayanka ne a waje cikin ruwan sama, kuɗin ajiyarka ya bi ruwa. In ka yi magana sai a ce kana tona wa ɗan'uwa asiri a ƙasar mutane, wasu ma su zo ba ka haƙuri kai da aka zalunta. Mutum ya yi sallar Juma'a sahu ɗaya da yaron da ya cinye wa kuɗin makaranta, ko a jikinsa. Allah ya isar wa duk wanda aka yi wa haka. Kuma don Allah 'yan'uwa, mu daina rufa wa irin waɗannan asiri da sunan zumunci, shirunmu ne ke ba su sabon baƙo duk Satumba.

In kana shakkar wane ne mai gida, shiga shafin Land Registry, hukumar rajistar filaye da gidaje, ka biya fam 7 ka ga sunan mamallakin. In mutum biyar ko fiye da ba iyali ɗaya ba ke zaune a gidan, sai da lasisin HMO (na gidan hayar haɗaka) daga kansul, wato ƙaramar hukuma, ka tambaya a nuna maka. Ka nemi takardar duba gas ta shekarar. Ka kuma gane cewa in da mai gidan za ka zauna kuna haɗa kicin da banɗaki, wannan kariyar ta kuɗin ajiya ba ta hau kansa ba, don haka ko a farar takarda ku rubuta nawa ka bayar, yaushe za a mayar, da kwana nawa za a ba ka in za a tashe ka.

Gobe da safe ka fara da makarantarka kafin ko'ina. Je ofishin masaukin ɗalibai da na ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, ka faɗa musu a fili ba ka da wurin kwana. Kar ka ji nauyi, aikinsu ke nan, kuma a farkon zango akan samu ɗakunan waɗanda ba su zo ba. Akwai Manchester Student Homes da jami'o'in garin ke da hannu a ciki, masu gidajen da ke can an tantance su, har yarjejeniya suna duba wa ɗalibi kafin ya sa hannu. A shafin tallar ɗakuna na SpareRoom ma ana samu, amma ka je ka gani. Kar ka nace sai kusa da Oxford Road inda jami'o'in suke. Longsight da Levenshulme suna kan layin bas 192, Rusholme da Fallowfield bas 42 da 43 da 142 ba sa yankewa, Cheetham Hill akwai 135, Moston da Gorton kuma cike suke da 'yan Najeriya. Mai gida na gaskiya zai nemi lambar da ake cirowa a asusunka na hukumar biza ta UKVI, wadda suke kira share code, don ya tabbatar kana da izinin kama haya. Ta haya daban, ta aiki daban, kowacce tana aiki kwana 90. Wanda bai tambaye ka ita ba, ka sa masa alamar tambaya.

Ranar da ka shiga ɗaki, kafin ka buɗe akwati, ɗauki bidiyon komai: tabon kafet, bayan gado, ƙasan taga, cikin firij, lambar mitar wuta da ta gas. Tura wa mai gidan ta imel a ranar. Da wannan kaɗai za ka karɓo kuɗinka in za ka tashi.

Maganar banki ba ta kai yadda kake tsoro ba. Ka sa adireshin da kake kwana yanzu a shafin rajistarka na makaranta, ka ciro wasiƙar banki daga nan, ita manyan bankuna ke karɓa a wurin ɗalibi. Bankin Monzo da irinsa a waya ake buɗewa, sai dai kati zai zo ta gidan waya, don haka ka nemi izinin mai masaukinka. In tsoronsa kar ya rasa rangwamen kashi 25 na harajin kansul da ake yi wa mai zama shi kaɗai, ka kwantar masa da hankali, ɗalibi mai cikakken karatu ba a ƙirga shi. Kai ma ka karɓi takardar yafe harajin daga makaranta ka aika wa kansul da zarar ka samu naka wuri, in ba haka ba takardar bashi za ta biyo ka. Shi kuma bawan Allahn nan ka rage masa nauyi: ka sa wani abu a kuɗin wuta, ka yi cefane, ka faɗa masa ranar da kake sa ran tashi. Gajiyarsa ba ƙiyayya ba ce, wataƙila shi ma yarjejeniyarsa ta hana baƙo ya daɗe.

Da ka buɗe asusun, ka kula da shi kamar fasfonka. Za a zo maka da "a turo fam ta asusunka, ka ba ni, ga ladanka", ko canjin naira da fam inda wani da ba ka sani ba zai zuba maka kuɗi. In kuɗin na damfara ne kai za a rufe wa asusu, a sa maka tambarin ƙungiyar yaƙi da damfara ta Cifas da kan kai shekara shida, ka rasa banki, ka rasa kwantiragin waya. Ka yi canji ta manhajojin da ke da rajista ko da farashinsu bai kai na wancan daɗi ba.

Aiki ba ka tambaya ba amma na san yana ranka. Awa 20 ne a sati lokacin karatu, satin kuma daga Litinin zuwa Lahadi, ba a yin 30 wannan satin a rama da 10 a na gaba. In wuri biyu kake aiki haɗawa ake yi. Bizar ɗalibi ta hana aikin kai da kai, kuma kai abinci a keke da manhaja yana cikinsa, balle hayar asusun wani. Lambar National Insurance, wato lambar inshorar ƙasa ta ma'aikaci, kyauta ake nema a shafin gwamnati, kana iya fara aiki kafin ta iso. Duba takardar albashinka ta farko: lambar haraji ta yau da kullum 1257L ce, in ka ga BR ko 0T mai yiwuwa ana yankar ka fiye da ƙima, ka kira hukumar haraji ta HMRC su duba. Mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 21 zuwa sama ya kasance fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, kuma ana sabunta shi duk Afrilu. Mai ce maka zo ka yi a biya ka a hannu fam shida babu takarda, ranar da ya hana ka kuɗin ba ka da inda za ka kai ƙara. Kuma kar aiki ya sa ka riƙa tsallake aji, makaranta tana lura da halarta kuma ita ce ta tsaya maka a kan bizar.

Ka yi rajista da GP, wato likitan unguwa, a satin nan tun kana da lafiya. Ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da biza, ganin likita kyauta ne, kuma ba sharaɗi ba ne sai ka kawo shaidar adireshi. Magani fam 9.90 ne kowane ɗaya, fom ɗin HC1 yana rage wa mai ƙaramin ƙarfi. Abin da bai kai gaggawa ba ka kira 111, na gaggawa 999. In zazzaɓi ya kama ka cikin watannin nan, ka faɗa musu da bakinka daga Najeriya ka zo, a gwada maleriya, domin ba ita ke fara zuwa musu a rai ba.

Sanyin da kake kuka da shi bai ma fara ba. Lahadin ƙarshe na Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, gida su riga mu da awa guda. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin huɗu an yi Magariba, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke, sai ka tsara su da lakca. Wannan duhun yana taɓa zuciya, ba raunin imani ba ne. Ka sha bitamin D, maikurogiram 10 kullum, masu baƙar fata ma shekara duka aka ba su shawara. Ka fita ko na rabin awa ne da rana. Ka sayi riga mai hana ruwa mai hula da dogon wando na ciki, sun fi lema amfani a iskar garin nan. Kar ka kashe hita ka toshe taga don tsimi, ɗaki ya tsaya wajen digiri 18, ka buɗe taga minti goma da safe, kar ka shanya wanki a rufaffen ɗaki, in ba haka ba baƙar fumfuna za ta cinye bango da bayan katifa, a cire a kuɗin ajiyarka, ƙirjinka ma ya sha wahala. Gawayi a ɗaki kisa ne, hayaƙinsa ba a ji ba a gani. Turaren wuta yana tayar da ƙararrawar hayaƙi, kuma kar ka ɗaure ta da leda ko safa. Buta ka saya a shagunan Wilmslow Road ko Cheetham Hill, amma ƙasan banɗakinsu ba shi da magudana, katako ne a ƙarƙashi, ruwan alwala in ya kwanta silin na ƙasa yake ɓullowa. Ka yi a cikin baho, ka ajiye tsumma.

Naman halal ba matsala ba ne a Stockport Road da Rusholme, sauran cefane Aldi da Lidl sun fi sauƙi, garin shinkafa da semo na tuwo suna nan a shagunan 'yan Asiya da na 'yan Afirka. In wani zai taho maka da saƙo daga gida, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji su zo, amma ban da kilishi da dambun nama da man shanu, nama da kayan madara an hana shigo da su, a filin jirgi za a ƙwace.

Juma'ar nan ka je babban masallacin Victoria Park ko wanda ya fi kusa da kai, ka tsaya bayan salla ka gaisa da mutane, ɗakuna da yawa ta nan ake jin labarinsu. Shi kuma mai fam 900 ɗin, ka rubuta masa cewa kana son zuwa ganin ɗakin gobe tare da wani, ya turo maka cikakken adireshi, sunan mai gidan, kwafin yarjejeniya, da sunan hukumar da za a ajiye kuɗin. Ka ajiye duk amsar da ya ba ka, kar ka goge saƙo ko ɗaya.