Tambaya da Amsa: Shin Mawaƙan Kantiri Labarin Kansu Suke Bayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon direba ne a tashar Bauchi Road, kuma tun ina yaron mota nake sauraren kaset ɗin Kenny Rogers da Don Williams da Dolly Parton. Musu ya haɗa ni da wani aminina: shi ya dage cewa duk abin da suke rerawa da su ya faru, har yana rantsuwa cewa Kenny Rogers ɗan caca ne da ya tuba. Ni kuwa na ce ƙirƙira ce irin ta fim. A raba mana gardama. Daga mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A kan Kenny Rogers dai kai ne da gaskiya, domin waƙar The Gambler ba shi ya rubuta ta ba. Wani matashi mai suna Don Schlitz ne ya tsara ta a 1976 yana da shekara 23, lokacin da yake aikin dare na kula da kwamfuta a Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville. Labarin tsohon ɗan cacan da ya yi wa saurayi nasiha a cikin jirgin ƙasa, sannan ya cika a cikin barcinsa, daga kan Schlitz ya fito. Bobby Bare da Johnny Cash duk sun rera ta ba ta yi tashe ba, sai da ta shiga bakin Rogers a 1978, muryarsa mai kaushi ta sa mutane suka ɗauka da kansa yake.

Abin da ke ruɗa mu shi ne mun saba da tsarin su Mamman Shata da Ɗanƙwairo, inda mai rera waƙa shi ne mai ita. A Nashville kuwa, cibiyar kiɗan kantiri (wato kiɗan mutanen karkarar Amurka) da ke jihar Tennessee, rubuta waƙa sana'a ce daban, kuma akwai kamfanonin da ke ɗaukar marubuta aiki su yi ta tsara baitoci, a kai wa mawaƙa su zaɓa. Don Williams da ake ƙauna a Jos ya amfana da wannan tsari sosai: Bob McDill ne ya rubuta Amanda, Wayland Holyfield kuma ya rubuta You're My Best Friend ta 1975.

Sai dai kada ka yi saurin yi wa amininka dariya, domin Dolly Parton tana bayansa. An haife ta a 1946 a ƙauyen duwatsun gabashin Tennessee, ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya 12 na gidan talakawa. Waƙarta Coat of Many Colors ta 1971 labarin rigar sanyi ce da mahaifiyarta ta ɗinka mata da tsummoki kala-kala da aka ba su, tana ɗinki tana ba ta labarin rigar Annabi Yusuf kamar yadda ya zo a littafin Kirista. Yarinya ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata ele. Da abin ya dawo mata a cikin motar yawon wasa a 1969, ba ta sami takarda ba, sai ta rubuta baitocin a bayan rasiɗin wanki da guga na maigidanta a sana'a, Porter Wagoner. A ganina wannan ce waƙarta mafi nauyi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa makarantar firamare da wando mai faci ba ya bukatar tafinta kafin ta taɓa shi. Jolene ta 1973 kuwa rabi da rabi ce: ta ce sunan na wata ƙaramar yarinya ce da ta nemi ta sa mata hannu a takarda, kishin kuma ya samo asali ne daga wata ma'aikaciyar banki mai jan gashi da ta riƙa yi wa mijinta Carl Dean fara'a fiye da kima.

Tambaya: 'Yata ta ce I Will Always Love You waƙar Whitney Houston ce, ni kuma na san na ji ta a bakin Dolly tun ina budurwa. Shin aurenta ne ya mutu ta yi ta? Daga wata uwa a Kubwa, Abuja.

Amsa: Hajiya, kunnenki bai yaudare ki ba. Dolly ce ta rubuta ta a 1973, ta fito a 1974, ita kuwa Whitney ta sake rera ta ne a 1992 domin fim ɗin The Bodyguard. Ba ta da alaƙa da mutuwar aure, domin Dolly ta zauna da mijinta tun daga 1966 har rasuwarsa a 2025. Waƙar sallama ce ga Porter Wagoner, wanda ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin a 1967, kuma ba ya son ta tafi ta ci gashin kanta. Da magana ta ƙi ci, sai ta rera masa waƙar a ofishinsa, ya sake ta.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata mawaƙanmu na yau su sani. Shahararren mawaƙin Amurka Elvis Presley ya so ya rera ta, amma manajansa Kanar Tom Parker ya gindaya sharaɗin a ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Dolly ta ƙi, duk da cewa ta ce ta yi kuka a kan hakan, kuma saboda wannan ƙin ne kuɗin marubuci ya zo hannunta lokacin da muryar Whitney ta kai waƙar ko'ina a duniya.

Tambaya: Da gaske ne Johnny Cash ya yi zaman kurkuku saboda kisan kai? Daga wani ɗalibi a Gangare, Jos.

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗana. An sha kama shi ya kwana a hannun 'yan sanda, har da kamun da aka yi masa da ƙwayoyi a El Paso a 1965, amma bai taɓa zaman kaso na hukunci ba, bai kuma kashe kowa ba. Ya rubuta Folsom Prison Blues ne yana sojan sama a Jamus ta Yamma, bayan ya kalli wani fim a kan gidan yarin Folsom da ke Kalifoniya, waƙar kuma ta fito a 1955. Wasan da ya yi wa fursunonin Folsom a ranar 13 ga Janairun 1968, wanda aka ɗauka a faifai, shi ya ƙara ƙarfafa jita-jitar. Wanda ya yi zaman gidan yari na haƙiƙa shi ne Merle Haggard, wanda yana cikin fursunonin gidan yarin San Quentin lokacin da Cash ya je ya yi musu wasa. An saki Haggard a 1960, kuma Gwamnan Kalifoniya Ronald Reagan ya yafe masa a 1972. Shi ma a waƙarsa Mama Tried ta 1968 ya ƙara gishiri, domin ya cika shekara 21 a tsare kamar yadda ya faɗa, amma ɗaurin rai da rai da ya ambata ba a taɓa yanke masa shi ba.