Hukuncin Ɗanɗana Baƙar Giya Don Aiki, Ko Da Za A Tofar

Tambaya: Allah ya gafarta malam, ina aiki a wani gidan cin abinci a Amurka. Ana tara ma'aikata a ba mu baƙaƙen giya, musamman waɗanda aka tsima a gangar katako, mu ɗanɗana don mu iya yi wa masu saye bayani. Ba na son maye. Idan na sa a baki na tofar, akwai laifi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka kai kofi baki. Bai halatta ba, ko ka haɗiye ko ka tofar.

Mu fara da sanin abin. Ana jiƙa sha'ir har ya tsiro, a busar, a gasa wani kaso nasa har ya yi baƙi. Daga gashin nan launi yake fitowa, da ƙamshin kofi da cakulan da masu shanta suke yabo. Sai a dafa, a tace, a zuba yis ya mayar da sukarin barasa, kamar yadda ake yi wa dawa a burkutu. Wadda kake magana a kai ana ƙara mata mataki: a zuba ta a ganga mai cin kusan lita 200 da aka tsima wiskin bourbon (wata barasa mai ƙarfi ta Amurka) a ciki, ta yi watanni ko shekara. Dokar Amurka ta ce bourbon sai a sabuwar ganga da aka babbake cikinta, shi ya sa tsofaffin suke komawa hannun masu giya, katakon yana jiƙe da wiski. Giyar da aka saba barasarta kashi 5 ne cikin 100, baƙar Guinness ta Najeriya 7.5, irin wannan kuwa takan kai 12 zuwa 15.

Sayyidina Umar ya faɗa a kan mumbari cewa an saukar da haramcin giya alhali ana yin ta da inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Abu Musa ya tambayi Annabi (SAW) game da mizru, abin shan sha'ir na mutanen Yaman, sai ya ce duk mai sa maye haramun ne. Hadisin Jabir kuma, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo, ya toshe ƙofar kurɓi ɗaya: abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa haramun ne. A kan haka Malikiyya suke. Rangwamen da ake jingina wa Abu Hanifa a kan tsimin hatsi, su kansu Hanafiyya ba da shi suke fatawa ba, da maganar almajirinsa Muhammadu Shaibani suke yi.

Batun ganga ma ba baƙo ba ne. Annabi (SAW) ya hana tawagar Abdul Ƙais yin tsimi a wasu mazubai huɗu, ciki har da kututturen dabino da aka fafe, saboda tsimi yana saurin juyewa a cikinsu. Daga baya ya sassauta a kan mazubi, ya bar sharaɗi guda: kada ku sha mai sa maye. Wannan fa mazubin da ake tsoron ya juya tsimi ne, balle wanda aka zaɓa saboda ya riga ya jiƙe da wiski.

Sai tofarwa. Ayar Ma'ida ta 90 cewa ta yi "fajtanibuhu", ku nisance shi, kuma wanda ya guntsa bai nisanta ba. Ba yadda za a yi ruwa ya zagaya harshe wani abu bai bi yawu ya wuce ba. Sannan masu wannan sana'a galibi haɗiyewa suke yi, domin a wurinsu ɗacin da ke saura a maƙogwaro yana cikin abin da ake aunawa, don haka za a matsa maka. Yi lissafi: kofuna huɗu masu mililita 120 a kashi 13 sun kai barasar manyan kwalabe biyu na giyar da aka saba. Ƙiyasi da mai azumin da ke ɗanɗana miya bai yi ba, domin miya halal ce a asalinta. Zama a wurin kansa an hana, saboda hadisin da ya ce mai imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya.

Abin da ya fi damuna shi ne manufar zaman: koya maka tallata ta. Hadisin Anas a Tirmizi ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, har da mai ɗauka, mai shayarwa da mai sayarwa.

Ka rubuta wa manajanka cewa addininka ya hana, ka nemi a mayar da kai kicin ko wani sashe da ba a taɓa giya. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 a Amurka ta wajabta wa masu ɗaukar aiki da ke da ma'aikata 15 ko fiye su yi la'akari da addinin ma'aikaci matuƙar ba zai jawo musu babbar wahala ba. In an ƙi, ka fara neman wani aikin tun yanzu. Idan ka riga ka ɗanɗana, ka tuba, ka kurkure baki, ka wanke inda ta taɓa a tufafinka kafin sallah, domin najasa ce a wurin mazhabobi huɗu.

Wallahu a'alam.