Ba kuɗi kaɗai ba ne, kociyoyi ma sun yi aiki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kuɗi ne kawai ya ɗaga wasan sofbol (wanda ake dukan ƙwallo da sanda, mai kama da besbol) na 'yan mata a jami'o'in Amurka, gaskiya ni ban yarda ba. Eh dokar 1972 da ta hana nuna wa mata bambanci a makarantu ita ta buɗe ƙofa, amma duba Patty Gasso mana, tun 1995 take koci a jami'ar Oklahoma, kofin ƙasa takwas ta ɗauka, huɗu ma a jere daga 2021 zuwa 2024, wallahi ba ƙaramin aiki ba ne riƙe ƙungiya haka alhali ɗalibai suna gamawa suna tafiya duk shekara. Mike Candrea ma takwas ya ci wa jami'ar Arizona kafin ya yi ritaya.