Amsa: Me ya sa asibitin inshora ke cewa babu magani?

Malam, ka tambayi dalilin da ake tura ka kemis alhali ana cire maka kuɗin inshora duk wata. Yawanci matsalar daga tsarin biyan take.

A matakin farko na kula da marasa lafiya a inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, ba a kan kowane zuwa ake biyan asibiti ba. Kuɗi ne ƙayyadadde a kan kowane mai rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. An shafe shekaru a kan naira 750, ga magani kullum sai hauhawa yake, ga kuɗin dizal na janareta. An ƙara kuɗin daga baya, amma wasu kamfanonin HMO, wato masu shiga tsakani da ke biyan asibitoci kuɗin inshora, na jan ƙafa wajen biya. Ni kaina na tsaya a tagar magani da takardar mahaifiyata mai hawan jini, aka ba mu ɗaya cikin uku. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Duk da haka, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai ya kamata ka biya. Idan sun ce babu, kira HMO ɗinka kana nan tsaye, ka riƙe rasit. In suka yi shiru, kai ƙara ofishin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) na jiharku.