Amsa ga mai neman kayan doki da likitan dabbobi a Kano

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce ka sayi doki karon farko, ga kuma kyanwar yara a gida, kana neman inda ake sayar da kayansu da wanda zai riƙa duba lafiyarsu a nan Kano. Allah ya sa ka shiga a sa'a. Na haura shekara goma ina da turke a ƙofar gida, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kafin ka sayi ko da ragama, ka fara samun lambar likitan dabbobi a wayarka. Sirdi zai jira ka har wata guda, amma ciwon cikin doki ba ya jiran gari ya waye. Doki ba ya amai, duk abin da ya ci ya tsaya masa a ciki sai an taimaka masa. Ni da kaina na ɗanɗana: na sayo dusa mai araha a hannun wani, ashe ta sha ruwa ta fara fumfuna, na zuba wa akawalina, wato baƙin dokina, da yamma. Wajen ƙarfe biyun dare na ji yana buga ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, gumi sharkaf. Ba ni da lambar kowa. Wani mai sayar da magani a unguwa ya zo ya danna masa allurar da shi kansa bai san awonta ba. Allah ne ya yi da sauran kwanansa, da asuba maƙwabcina mai barga ya kira likitan da ke duba nasa dawakin. Tun ran nan kowace dusa sai na damƙa na sansana kafin in biya, kuma ina jiƙa ta kafin in ba shi.

Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila, ka je da ƙafarka ku san juna tun doki yana lafiya. Ka tambaya musamman wa ya saba da dawaki, domin wani likitan kaji da awaki ya fi ƙwarewa a kai. Idan abu ya yi tsanani, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ake nufa. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ka leƙa filin folo ko bargar wani mai sarauta a unguwarku, ka gaisa da masu kula da dawakin. Su ne suka san mai gyaran kofato na kirki da mai duba haƙori, waɗanda galibinsu ba su da shago balle allo.

Kayan hawa kuma Kasuwar Kurmi ce uwa. Sirdi, linzami, likkafa, majayi (abin ɗaure sirdi a cikin doki), jalala, duk suna nan. Kada ka je kai kaɗai, ka tafi da wanda ya san fata, kuma ka yi sharaɗin cewa idan sirdin bai zauna a bayan dokin ba za ka mayar. Sirdin da ke gugar gadon baya shi ke jawo gyambon da zai hana ka hawa wata da watanni. Linzamin gargajiya ma yana da kaifi, hannun sabon mahayi kan yanka bakin doki da shi, ka nemi mai sauƙi tukuna. Kuma kada ka bari sai azumi ya raba tsakiya, domin da Hawan Daushe ya matso kuɗin komai tashi yake. Masu zuwa kasuwar Maigatari ta Jihar Jigawa ranar Alhamis ma sukan samo igiya da dabaibayi da sauƙi.

Abinci: dawa da gero a Dawanau in buhu za ka saya. Harawa da kaka ake tara ta a ɗora kan rufi, wanda ya jira bazara shi ke kuka. Kanwa kaɗan, ruwa kuwa kada ya yanke, da zafin nan doki na shanye bokiti biyu zuwa uku a yini. Maganin tsutsar ciki da na kaska likita ya tsara maka lokacinsu.

Kyanwa ba ta da wahala. Manyan kantuna na sayar da abincinta na leda da na gwangwani, ko da yake tawa kan kifi da ragowar tuwo take ci tana ƙiba. A yi mata rigakafin ciwon haukan kare in ta kai wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Ka gargaɗi mutan gida kada a kuskura a ba ta farasitamol, kashe kyanwa yake yi.

Wace unguwa kake? In kana wajen Gwale ko Ɗorayi, ka yi min magana ta gefe, ranar Asabar in raka ka Kurmi.